Ta bar cocin, amma ba ta bar ɗakin ajiyar mahaifiyarta ba

Shekara biyu da 'yan watanni na yi zaune a Salt Lake City, babban birnin jihar Utah da ke yammacin Amurka, lokacin da maigidana yake karatu a can. Katanga ɗaya ce ta raba gidan da muka kama haya da na wata mata da ta girme ni da kamar shekara goma. Yarana Anti suke ce mata, ni ma na bi bakinsu, kuma haka zan kira ta a nan. Garejinta ta mayar ɗakin zane, motar kuwa a waje take kwana ko da ƙanƙara ake zubawa. Ranar wata ƙaramar Sallah na kai mata abinci, ta ce in shigo ta ƙofar gareji don hannunta duk fenti ne. Warin fentin mai ne ya fara tarbata, sannan idona ya sauka kan allunan da ke jingine da bango. Na ƙirga goma sha ɗaya, kuma dukansu abu ɗaya aka zana: wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, kantocin katako tun daga ƙasa har rufi, an jera kwalabe cike da 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari, launinsu kamar zuma idan rana ta haska ta. A ƙasa akwai bokitan alkama masu murfi. Ƙwan lantarki guda ɗaya a sama. Babu mutum ko ɗaya a ciki.

Ɗakin ajiyar mahaifiyarta ne. Cocin Mormon, wanda aka haife ta a cikinsa, ya daɗe yana hurewa mabiyansa kunne su tanadi abincin da zai kai su shekara, shi ya sa tsofaffin gidaje da yawa a Utah suke da irin wannan ɗaki, kamar dai rumbu a ƙauyukanmu. Anti ta bar cocin tana dab da shekara arba'in. Mahaifiyarta na ciki har gobe. Da na tambaye ta dalilin da ya sa take ta maimaita ɗaki ɗaya, sai ta ce har yanzu ba ta gane ba ko ɗakin tsoro ne ko ɗakin ƙauna, kuma duk wanda ta gama sai ta ga rabin magana kawai ta faɗa.

Ni Musulma ce, addinina shi ne ginshiƙin rayuwata, kuma ba na cikin masu tafi idan aka ce wani ya rabu da abin da yake bautawa. Ban ɗauki alƙalami don in yi wa aƙidar Mormon alƙalanci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake karɓar irin su Anti. Masu imani a Utah suna da wata magana da suke jifan wanda ya fita da ita, wai ya iya barin cocin amma ya kasa ƙyale cocin. Wato in da gaske ka tafi, me ya kawo waiwaye, da zane-zane, da tone-tone? Wasu kuma, har cikin waɗanda babu ruwansu da addini, kallon alamar ciwo suke yi wa aikin, su ce a tausaya mata, kanta ne bai daidaita ba. Duka biyun sun zalunce ta. Wanda aka raina da hotuna yana da haƙƙin komawa ya binciki rayuwarsa da hotuna, kuma mai yin haka aikin mai hankali yake yi, aiki mai wuya da yawancinmu muke gudu.

Sai an san abin da ake bari kafin a san nauyin barinsa. Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York a 1830, shekarar da ya fitar da Littafin Mormon, wanda ya ce ya fassara shi daga wasu faranta na zinariya da mala'ika ya nuna masa. Mabiyansa sun sha kora daga gari zuwa gari, shi kansa wani gungun mutane ya kashe shi a kurkukun Carthage a jihar Illinois a 1844. Brigham Young ya ja sauran suka keta dajin Amurka da amalanke da ƙafa, suka sauka a kwarin Salt Lake a watan Yulin 1847. Al'ummar da aka gina kan hijira da tsangwama takan riƙe juna da ƙarfi, kuma haka suke har yau. A yanzu cocin yana da mabiya sama da miliyan 17 a rajistarsa, kuma fiye da rabin mutanen Utah suna cikin wannan rajista. Yaro ana yi masa baftisma yana shekara takwas. Saurayi yakan tafi wa'azi na shekara biyu, sau da yawa da kuɗin iyayensa. Ana ba da kashi goma cikin ɗari na abin da aka samu. Ba a shan giya, ba taba, ba kofi, ba shayi. Limamin unguwa, wanda suke kira bishop, maƙwabcinka ne, wataƙila shi ne likitan haƙorinka ko mai gidan da kake aiki. Kuma suna da imani cewa auren da aka ɗaura a haikali, wato ɗakin ibadarsu mafi tsarki, yana haɗa iyali har abada, har bayan mutuwa. Saboda haka idan 'ya ta fita, a idon uwarta kujera ce ta zama wayam a lahira. Haikalin nan kuma ba kowa ke shiga ba sai mai takardar izini daga shugabanni, don haka wadda ta fita, ranar ɗaurin auren ƙanwarta a waje za ta tsaya ta jira a fito a ɗauki hoto. Sai a 2019 cocin ya soke dokar da ta ce wanda ya fara ɗaura aure a wajen haikali a Amurka sai ya jira shekara guda, dokar da ta sa ma'aurata da yawa zaɓar haikali su bar danginsu a ƙofa.

Suna da wata kalma da suke kwatanta shakka da ita. Sukan ce duk tambayar da ta fi ƙarfinka ka ɗora ta bisa kantar ajiya, ka ci gaba da ibada, wata rana amsa za ta zo. Idan mutum ya fita sai ya ce kantarsa ta karye. Da a wajenmu ne da ragaya za a ce, wadda aka yi ta ɗora wa ƙwarya bisa ƙwarya har igiyar ta tsinke. Ga mutane da yawa abin da ya tsinka igiyar tarihi ne. Tsakanin 2013 da 2015 cocin da kansa ya wallafa wasu maƙaloli a shafinsa na intanet, inda ya amince da abubuwan da da yawa daga mabiyansa ba su taɓa ji a aji ba. A ta 2014 ya ce Joseph Smith ya auri mata tsakanin 30 da 40, wasu da mazansu a raye, ƙaramarsu kuma, Helen Mar Kimball, ba ta cika shekara 15 ba. Amma abin da ya fi jan hankalina, kuma shi ne tushen ra'ayina, labarin dutse ne da hula.

Kusan duk yaron da ya tashi a cocin a ƙarnin da ya wuce ya san wani hoto: Joseph Smith zaune a tebur, fitila na ci, farantan zinariya a buɗe gabansa, yana bin rubutun da yatsa kamar ɗalibi da allonsa. An zana shi iri-iri, an liƙa a bangon azuzuwa, an sa a littattafan yara. To amma waɗanda suka ga aikin da idonsu, ciki har da matarsa Emma da David Whitmer, abin da suka faɗa daban ne. Sun ce yakan sa wani ɗan dutse a cikin hularsa, ya kifa fuskarsa a ciki don ya tare haske, yana faɗa ana rubutawa. A watan Agustan 2015 cocin ya fitar da hoton dutsen, ruwan ƙasa ne mai ratsi-ratsi, bai fi girman ƙwai ba. Mutane da yawa suka ji kamar an zare musu tabarma. Masu kare cocin suka ce ai ba a ɓoye ba, kuma suna da hujja, domin tun 1993 Russell M. Nelson, wanda daga baya ya zama shugaban cocin, ya kawo zancen hular a mujallar cocin. Gaskiyarsu. Sai dai wannan hujjar tasu ita ce ta fi ƙarfafa maganata. An rubuta gaskiyar a takarda, an zana wani abu daban a bango, kuma bangon ne ya ci. Gani ya kori ji. Yaro ɗan shekara shida ba ya karanta mujalla, hoto yake kallo, kuma hoton nan shi ne zai zauna masa a kai har ya yi furfura, ya riƙa jin kamar yana wurin aka yi. Wani malamin addini a Jami'ar Brigham Young, Anthony Sweat, wanda mai imani ne kuma mai zane, ya fahimci haka, ya zana Smith da fuskarsa a hula, ya kuma yi rubutu kan yadda zane ya gina abin da mutane suka ɗauka tarihi ne.

Ba haɗari ba ne ya sa zane ya yi wannan ƙarfi a wurinsu. A 1890 cocin ya tura masu zane zuwa Paris da kuɗinsa, su John Hafen da Lorus Pratt da John Fairbanks, don su koyo sana'ar su dawo su ƙawata bangon haikalin Salt Lake. Kafin su, wani ɗan asalin Denmark, C. C. A. Christensen, tun 1878 ya fara zana tarihin hijirarsu a manyan ƙyallaye sama da 20, ya ɗinke su wuri guda ya naɗe kamar tabarma, ya riƙa yawo da su ƙauye-ƙauye a keken doki, yana warwarewa yana ba da labari. A shekarun 1950 Arnold Friberg ya zana hotuna 12 na jaruman Littafin Mormon, ƙarti masu damatsa kamar 'yan dambe, aka riƙa buga su a cikin littafin kansa. Ka tambayi wanda ya tashi a lokacin yadda annabawan littafin suke, siffar Friberg zai ba ka. Sai Minerva Teichert, matar makiyayi a wani ƙaramin gari, Cokeville, a jihar Wyoming, uwar 'ya'ya biyar, wadda ta yi karatun zane a New York ta dawo tana zane a falonta tsakanin tatsar madara da girki, ita ce ta zana bangon wani babban ɗaki a haikalin Manti a 1947. Al'ummar da ta yi shekara sama da ɗari tana shuka tunani a zukatan 'ya'yanta da burushi, bai kamata ta yi mamaki ba idan 'ya'yan suka ɗauki burushi ranar da tunanin ya rikice musu. Yaren da aka koya musu ne suke amsawa da shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa magana ba ta wadatar da su. Lahadin farko na kowane wata mabiya cocin suna azumi, sannan a majami'a duk mai so ya tashi ya ba da shaida. Kalmomin kusan iri ɗaya ne: na sani cocin nan gaskiya ne, na sani Joseph Smith annabi ne. Har ƙananan yara ana ɗaga su zuwa makirufo, uwa na raɗa musu a kunne. Wanda ya tashi a haka harshensa ya saba da tabbaci. Ranar da ya fita sai ya tarar da wani taron a intanet, na waɗanda suka riga shi fita, su ma suna jiran ya ba da tasa shaidar: na sani ƙarya ne, na sani an cuce mu. Baki yana tilasta maka ka tsaya gefe ɗaya, da ka ce "amma" sai kowane ɓangare ya ɗauke ka munafuki. Allon zane ba ya yi maka wannan tilas. A ɗaya daga allunan Anti hasken ƙwan yana da ɗumi, kwalaben suna ƙyalli, kana gani ka san hannun da ya jera su hannun mai son 'ya'yanta ne, wadda ta tsaya kan murhu cikin zafin watan Agusta don kada su ji yunwa. A wani kuma kantocin sun karkato ciki kamar za su rufto, domin abincin nan an tara shi ne saboda ranar bala'i, kuma yarinyar da ake aika ta ɗauko kwalba ta san da haka, takan sauka matakala ƙirjinta na dukan uku-uku tana tunanin tashin duniya. Duka biyun gaskiya ne, kuma ɗaki ɗaya ne.

Abin da ba na mantawa shi ne murafen kwalaben. Mahaifiyarta takan rubuta shekara a kan kowane murfi. Anti ta samo wani tsohon murfi ta ajiye kusa da fentinta, tana kwaikwayon rubutun da siririn burushi. Ta nuna mini yadda tsohuwar take yi wa lamba bakwai ɗan tsallake a tsakiya, ta ce sai da ta zana bakwai ɗin nan ya fi sau hamsin kafin ta lura cewa ita ma haka take rubuta nata tun tana firamare. Ta faɗi haka ta juya baya tana goge burushi a tsumma, ta daɗe ba ta juyo ba. Shekara uku a lokacin ba su yi hirar da ta wuce gaisuwa da uwar ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya ce mata ta ƙyale cocin, a sani ko a rashin sani, cewa yake ta ƙyale hannun uwarta, da waƙoƙin da aka yi mata reno da su, da farar rigar da ta sa tana shekara takwas. Ba a yi wa ɗan Adam irin wannan fiɗa ya rayu lafiya. Trevor Southey, mai zanen da aka haifa a Rodeshiya, Zimbabwe ta yau, a 1940, ya shiga cocin da ƙuruciya, ya koyar a Jami'ar Brigham Young, daga baya hanya ta raba su. Har ya rasu a 2015 alamomin imanin da ya bari ba su fita daga aikinsa ba. Ban ga abin kunya a nan ba.

Zancen lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa yana buƙatar a taka a hankali, domin nan ne kowane ɓangare yake son ya yi riba. Anti ta yi fama da waswasi tun tana yarinya. Bayan baftisma aka ce mata yanzu ta zama tsarkakakkiya, sai ta shiga ƙirga zunubanta, ta yi addu'a, wani tunani ya gifta, ta sake daga farko, har sau goma a dare ɗaya. Da take ba ni labari ban buƙaci fassara ba, domin na san mai sake alwala sau bakwai har jam'i ya wuce shi, na san mai tayar da kabbara yana saki yana sake tayarwa. Likitoci sun san wannan ciwo, reshe ne na cutar maimaita tunani da aiki ba da son rai ba, kuma ana samunsa a kowane addini, har a wurin marasa addini. Addini bai ƙirƙire shi ba, riga kawai yake ara masa. Ita kanta Anti ba ta taɓa cewa cocin ne ya sa mata ciwo ba. Abin da ya biyo bayan fitarta kuwa wani ciwon ne daban: damuwa mai nauyi ta wanda ya wayi gari babu jama'arsa, babu tsarin makonsa, babu amsar da ya saba ba kansa idan mutuwa ta zo masa a rai. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Marlene Winell, ta raɗa wa irin wannan hali suna a 2011, ta kira shi raunin da rabuwa da addini mai tsanani ke bari. Sunan bai shiga kundin cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa suka amince da shi ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Amma rashin suna a kundi bai hana mutum kwana ido biyu ba. Utah tana cikin jihohin Amurka da kisan kai ya yi yawa, haka ma maƙwabtanta na yankin duwatsu, kuma masana suna ta muhawara kan dalili, daga yawan bindiga a gidaje, zuwa nisan ƙauyuka da asibiti, har da tsayin ƙasar. Wanda ya ɗora duka kan coci ya yi gaggawa, wanda ya wanke al'ada tas shi ma ya yi gaggawa.

Me zane yake yi a nan? Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, yana jinyar tarin fuka a wani asibiti a Midhurst ya ga yadda fensir ya rage masa tsawon kwanakin kwanciya, ya fara koya wa sauran majinyata, kuma shi ne a 1942 ya fara kiran abin jinya ta hanyar zane. A Najeriya ma, farkon shekarun 1950, Ulli Beier ya kai wa masu taɓin hankali da ke tsare a Abeokuta fenti da takarda, aka ga abin mamaki daga hannunsu. Amma misalin da ya fi kama da Anti shi ne Edvard Munch na ƙasar Norway. Mahaifinsa likitan soja ne mai tsananin tsoron azabar lahira, uwarsa ta mutu da tarin fuka yana shekara biyar, yayarsa Sophie ta bi ta a 1877 tana shekara 15. Munch ya zana Sophie a gadon ajali sau shida tsakanin 1885 da 1926. Shekara arba'in yana komawa ɗaki ɗaya. Abin da na fahimta daga kallon Anti shi ne, tunanin da ke cikin kai yana zuwa maka lokacin da ya ga dama, ya shaƙe ka, ba ka da iko da shi. Idan ka fitar da shi kan allo, ya sami iyaka ta kusurwa huɗu. Kana iya matsawa baya ka kalle shi, kana iya rage masa duhu, kana iya juya fuskarsa ga bango ka je ka ɗora girki. Wannan ɗan ikon ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya daɗe tunani na wasa da shi.

Sai dai ba zan sayar wa kowa zane a matsayin magani ba. Munch ɗin nan a 1908 sai da ya kwanta wata takwas a asibitin ƙwaƙwalwa a Copenhagen. Vincent van Gogh ya yi zane kusan 150 a shekara ɗaya da ya yi a gidan jinya na Saint-Rémy a Faransa, kuma wata biyu da 'yan kwanaki bayan fitowarsa, a Yulin 1890, ya mutu da harbin bindiga da yawancin masana suka ce shi ya yi wa kansa. Masu cewa ciwo ne ke haifar da fasaha, don haka a bar mai zane da ciwonsa, ba su taɓa zama da mai ciwon ba. Anti tana shan maganinta kowace safiya, tana ganin likitarta, kuma ta ce a watannin da ciwon ya fi tsanani ko murfin fenti ba ta iya buɗewa. Sai da ta fara samun sauƙi hannunta ya dawo.

Akwai haɗari na biyu, wanda masu goyon bayan irin su Anti ba su cika son ji ba. Abin da mutum ya tuna ba hoton kyamara ba ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Elizabeth Loftus, ta nuna a wani gwaji a 1995 cewa ana iya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutane su "tuna" sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, alhali hakan bai faru ba. Utah ta ɗanɗani wannan da kanta. A 1990 wani babba a cocin, Glenn Pace, ya rubuta takardar cikin gida yana cewa ya gana da mutane 60 da suka tuna an azabtar da su a tsafin Shaiɗan suna yara, a zamanin da irin wannan "tunawa" ta yawaita a ɗakunan masu jinyar ƙwaƙwalwa a Amurka. Ofishin babban lauyan jihar ya yi bincike na fiye da shekara biyu, a 1995 ya ce bai sami hujjar gurfanar da kowa ba. Zane ya fi magana saurin kama zuciya, kuma labarin dutse da hula ya riga ya nuna mana cewa hoto kan maye gurbin abin da ya faru. Takobin nan kaifi biyu gare shi. Wanda ya fita yana iya zana ƙuruciyarsa da baƙi zalla, ya yi ta kallon zanen har ya manta an taɓa dariya a gidansu, balle kuma a kasuwar zane da intanet fushi ya fi saurin samun masu saye. Mai zane na gari shi ne wanda ya san allonsa shaidar yadda abu ya zauna masa a rai ne, bai isa ya zama hujjar kama wani da laifi ba. Shi ya sa alluna goma sha ɗaya suka fi allo ɗaya gaskiya a wurina. Kowane ɗaya yana gyara wa ɗan'uwansa zance.

Su kuma masu imani ban ɗauke su abokan gaban zane ba. A watan Maris na 2021 aka sanar za a cire zanen Teichert daga haikalin Manti saboda gyara. Mutane suka tashi da koke, waɗanda ke ciki da waɗanda suka fita, har waɗanda ba za a sake barinsu su shiga haikalin ba. A watan Mayu shugabanni suka janye, aka bar zanen a wurinsa, aka ce za a gina sabon haikali a garin Ephraim da ke kusa. Mutanen da ba sa iya zama teburi ɗaya su yi zancen aƙida sun haɗu kan bangon da wata matar makiyayi ta zana.

Cocin nan ba baƙo ba ne a yankinmu. Bayan 1978, da ya ɗage haramcin da ya hana baƙar fata limanci, ya bazu a kudancin Najeriya da Ghana, ya buɗe haikali a Accra a 2004 da Aba a 2005. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne yadda muke yi da mai ciwon zuciya. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai hikima a ciki, sai dai mun mayar da ita murfi. Yarinya ta ce ba ta iya barci, a ce rashin tawakkali ne. Saurayi ya daina magana, a ce iska ce, sai abu ya ƙazanta a tuna da Dawanau ko Barnawa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Na san za a ce mini zanen mai rai yana da magana a addini, kuma ba ni da ilimin da zan ja da malamai. Amma allunan Anti babu fuska ko ɗaya a cikinsu, kuma mu ne mutanen da suka ƙawata bangon Zariya da zane, suka yi wa riga aska takwas, suka ƙona ƙwarya da ado. Da na dawo gida na tarar an rushe ɗakin Goggo, wadda ta raine ni, an yi shago a wurin. Na ɗauki fensirin ɗana na zana jerenta, langa bisa langa har kusa da rufi, da gadon ƙarfe mai rumfa, da ragayar da ke bayan ƙofa. Ban iya zane ba, layukan duk a karkace. Amma ina cikin yi na tuna ƙamshin turaren wutarta, na tuna wata magana mai zafi da ta taɓa gaya mini wadda na yi shekaru ina riƙe da ita, na tuna kuma ita ce ta kwana zaune a kaina lokacin da ƙyanda ta kama ni. Na yi mata addu'a a daren nan fiye da yadda na taɓa yi.

Kafin mu bar Utah da 'yan makonni, mahaifiyar Anti ta zo. Ina shanya a baya na hango wata tsohuwa mai farin gashi da doguwar riga ta fito daga mota, ta tsaya a ƙofar garejin da jakarta a hannu kamar mai jiran izini. Ta kai rabin sa'a a ciki. Da yamma Anti ta leƙo ta katanga ta ce mini ba su yi zancen coci ba ko kalma ɗaya. Tsohuwar ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya ba ta ce komai ba, sai a na ƙarshe ta nuna ƙwan lantarkin da yatsa ta ce an manta igiyar da ake ja a kunna shi, wadda ta ƙara wa tsawo da zaren saƙa ja don yarinyar ta iya kaiwa, saboda ta san tana tsoron duhun ɗakin. Anti ta ce sam ba ta tuna da zaren nan ba. Washegari da safe na ji ƙarar ƙofar garejin tun kafin in tashi yara, na leƙa na gan ta tsaye gaban allo na goma sha biyu, tana dama jan fenti.